Yadda masu saƙonnin yaudara ke tsallake gwajin "Ni ba mutum-mutumi ba ne"

Duk wanda ya taɓa buɗe adireshin imel ko cike takardar neman makaranta a intanet ya gamu da wannan gwaji. Wani lokaci haruffa ne karkatattu za a ce ka sake rubutawa, wani lokaci hotuna ne za a ce ka zaɓi masu babur ko fitilar kan titi. Sunansa CAPTCHA, kuma masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ne suka raɗa masa sunan a farkon shekarun 2000. Manufarsa ita ce mutum ya wuce, manhajar da ke buɗe dubban asusun bogi ta maƙale a ƙofa.

To me ya sa saƙonnin "ka ci kyauta" ba su daina shigo mana ba?

Da farko, kwamfuta ta iya karatu. A 2014 kamfanin Google da kansa ya bayyana cewa manhajarsa na karanta karkatattun haruffan daidai fiye da kashi 99 cikin 100. A 2017 masu bincike a Jami'ar Maryland suka nuna cewa gwajin murya, wanda aka tanada saboda makafi, ana iya warware shi da manhajar da ke mayar da magana rubutu.

Amma hanyar da ta fi damunmu ba ta buƙatar wata fasaha mai zurfi. Ɗan damfara hayar mutane yake yi. Manhajarsa na isa wurin gwajin, sai ta ɗauki hoton ta aika wa wani kamfanin dillanci, shi kuma ya tura wa ma'aikacin da ke zaune gaban waya ko kwamfuta a wata ƙasa. Cikin daƙiƙoƙi ya rubuta amsa, amsar ta koma, ƙofa ta buɗe. Gwajin bai yi kuskure ba, mutum ne ya amsa, illa dai ba shi ne mai shiga ba. Wani binciken Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a 2010 ya gano ana sayar da amsa dubu a kan kimanin dala ɗaya, kuma abin da ke isa hannun ma'aikacin bai kai haka ba.

A nan muke jan hankalin ɗalibanmu, domin irin wannan aiki ne ake tallatawa da sunan "samu kuɗi da wayarka kana gida". Mu yi lissafi. In kowace amsa ta ci daƙiƙa 10, dubu za su ci kusan awa uku, ga kuɗin data, ga caji. Kuma mai rubutun ba ya ganin ƙofar da ya buɗe, ta yiwu asusun da za a yaudari mahaifiyar wani da shi ne.

Sabon da muka yi da gwajin ma ya zama tarko. Tun 2024 ake ganin shafukan bogi da ke nuna akwatin tantancewa, sannan su ce ka danna maɓallin Windows tare da R, ka liƙa wani rubutu, ka danna Enter. Wanda ya bi, da hannunsa ya saka manhajar satar kalmomin sirri a kwamfutarsa. Gwajin gaskiya a cikin shafin yake ƙarewa, ba ya taɓa tura ka buɗe wani abu a wajensa.