Gwajin sabon magani: ta wace ƙofa ake shiga, me za a tambaya kafin a dangwala hannu?

A kwanakin baya, cikin shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, wani bawan Allah mai safarar wake tsakanin Maraɗi da Jibiya ya bugo waya da wata tambaya wadda ta raba kan masu saurare gida biyu. Ya ce yana da yaro mai ciwon amosanin jini, ya gaji da ɗawainiyar likita, kuma ya ji a tasha ana cewa akwai wuraren da ake gwajin sababbin magunguna ana duba mutum kyauta, shi ne yake son ya san inda ake rubuta suna. Kafin ya aje waya wasu sun fara bugowa suna cewa kada ya kuskura, wai ya manta abin da ya faru a Kano ne? Wasu kuma suka ce ai ƴaƴansu sun shiga irin wannan aiki a ƙasar Madarunfa, ba su ga komi ba sai alheri.

Da muka zauna muka duba, sai muka ga kowane ɓangare yana da hujjarsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa ƴan uwanmu ƴan kasuwa bayanin a rubuce, domin shi gwajin magani ciniki ne, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya faru a Kano

Idan ba a manta ba, a shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Najeriya, ta kashe mutane fiye da 10,000. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na ƙasar Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu kuma suka kurmance ko suka shanye. Iyaye sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba, shi kuwa kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. An daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa jama'a da dama suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003.

Saboda haka wanda ya ji tsoro ba mu ga laifinsa ba, domin in maciji ya sari mutum, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Abin da ya faru a Madarunfa

Amma akwai wani labarin. Daga shekarar 2014, cibiyar bincike ta Epicentre, wadda take ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da ofishin ministan kiwon lafiya na Nijar, sun gwada wani rigakafin zawon yara mai suna Rotasiil a gundumar Madarunfa. Ɗigo ne da ake ba jariri a baki sau uku, yana da sati 6, da 10, da 14, kuma amfaninsa a ƙasa irin tamu shi ne yana jure zafi na tsawon watanni ba tare da firiji ba. Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafin farko da su, 31 ne suka yi zawo mai tsanani na ƙwayar cutar rota daga waɗanda suka samu rigakafin, alhali a ɗaya ɓangaren 87 ne. Ke nan ya rage cutar da kusan kashi 67 cikin 100. An bayyana sakamakon a 2017, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da shi.

Haka nan a jihar Doso an yi wani gwaji mai suna MORDOR, inda aka riƙa ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau biyu a shekara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a garuruwan da aka ba maganin. A Kano ɗin ma, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya yi gwaji a kan yara masu amosanin jini da maganin haidroksiyuriya, domin kare su daga shanyewar ɓarin jiki.

Duk waɗannan an gama su, ba a ɗaukar kowa a cikinsu yanzu. Mun kawo su ne don a gane cewa maganin da yake ceton ƴaƴanmu yau, ƴaƴan wasu aka fara gwada shi a kansu jiya. Bambancin Kano ta 1996 da Madarunfa ta 2014 yana wajen ƙa'ida ne da neman yardar iyaye.

Yadda gwajin yake

Sabon magani yana bin matakai. A mataki na farko mutane ƙalilan ake ba, ƴan gomomi, don a ga ko ba ya cutarwa. A na biyu sai a kai ɗaruruwa, a na uku kuma sau da yawa dubbai, a kwatanta shi da tsohon magani ko kuma da wani abu mai kama da magani amma babu sinadarin a cikinsa. Ƙuri'a ce take raba mutane gida biyu, kuma galibi daga mai shan maganin har likitan babu wanda ya san ɓangaren da mutum ya faɗa sai an gama. Wannan magana ya kamata ta zauna a ran kowa: shiga gwaji ba tabbacin samun sabon maganin ba ne, kuma sabon maganin ba tabbacin waraka ba ne. Da an tabbatar da shi, ai da ba a kira shi gwaji ba.

Ina ake samun labari?

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi tabbas, ita ce gidan likitan da mutum ya saba zuwa. A tambayi manjo, ko unguwarzoma, ko likitan da yake bin ciwon yaro, ko akwai wani bincike da ake ɗaukar mutane a kan wannan ciwo. A ƙasashenmu yawanci ta wurin awon ciki, da wurin rigakafi, da babban asibiti ake ɗaukar mutane, bayan an sanar da maigari da malaman gari. Wuraren da aka sani da aikin bincike sun haɗa da Epicentre a Maraɗi, da cibiyar CERMES a Yamai, da asibitocin koyarwa na Kano, da Sakkwato, da Zariya. Mai amosanin jini kuwa yana iya tambaya a cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo da take Yamai.

Hanya ta biyu ita ce rajista ta intanet. Ƙa'idar duniya ita ce kowane gwaji a rubuta shi a rajistar da kowa zai iya gani kafin a ɗauki mutum na farko. Akwai ClinicalTrials.gov ta Amurka, wadda aka buɗe a shekarar 2000, lambobinta suna farawa da NCT. Akwai kuma ta Afirka mai suna PACTR, wadda take Afirka ta Kudu. Da Ingilishi suke, don haka sai a samu ɗalibi ko ma'aikacin lafiya ya duba a salula. A sa sunan ciwon da sunan ƙasa, a zaɓi waɗanda aka rubuta wa “Recruiting”, wato ana kan ɗaukar mutane. A lura da kyau, sunan Nijar da na Najeriya suna kama a rubuce. Idan an ga wanda ya dace, sai a kai wa likita ya duba sharuɗɗan, saboda kowane gwaji yana da shekarun da yake ɗauka, da irin ciwon, da waɗanda ba ya ɗauka, kamar masu juna biyu a wasu lokuta.

Tambayoyi bakwai kafin a yarda

Na ɗaya, wa ya ba da izini? A Nijar akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, CNERS. A Najeriya akwai kwamitin NHREC da hukumar NAFDAC. Na biyu, mene ne lambar rajistar gwajin? Na uku, a wane mataki ake, kuma wace illa aka riga aka gani? Na huɗu, idan wani abu ya samu mutum saboda maganin, wa zai biya kuɗin jinya, kuma wa za a kira ko da tsakar dare ne? Na biyar, sau nawa za a zo, har tsawon wata nawa? Na shida, idan an ɗebi jini, ina za a kai shi, me za a yi da shi? Na bakwai, idan an gama, za a gaya mana sakamako, kuma za a ci gaba da samun maganin in ya yi kyau?

Haƙƙin mutum ne a yi masa bayani da harshen da yake ji. Wanda ba ya karatun boko yana da damar zuwa da shaida wanda ba ma'aikacin gwajin ba, a karanta takardar a gabansa kafin a dangwala hannu, sannan a ba shi kwafinsa ya tafi da shi gida. Idan yaro ne, sai da yardar iyaye. Idan matar aure ce, shawara da maigida abu ne mai kyau, amma yardarta ita kanta dole ce, ba a sa mata hannu a madadinta. Bugu da ƙari, mutum yana iya cewa ya fasa a kowace rana, kuma ba a isa a hana shi maganin da aka saba ba kowa a wannan likita ba.

Inda abin ya shafi ɗan kasuwa

Babbar matsalarmu ita ce rashin zama wuri ɗaya. Yau mutum yana Ɗan Isa, gobe Jibiya, jibi ya yi Ƙonni ko Illela. Shi kuwa gwaji yana son wanda za a samu a gida. A Madarunfa, alal misali, kowane sati ake bin yaran har gida, kuma sai sun kai shekara 2. Saboda haka kada a ari adireshin ɗan uwa a ƙetaren iyaka don a samu shiga. Mun ga yadda aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2019, aka sake rufewa a 2023. Idan haka ta faru mutum yana tsakiyar shan maganin gwaji, likitan da ya san abin da aka ba shi yana can wancan gefen. Gara a faɗa musu gaskiyar tafiye-tafiye tun farko, su duba ko zai yiwu. Wanda ya shiga kuwa, ya riƙa yawo da katin gwajin a aljihu kamar takardar shaidar ɗan ƙasa, kuma kada ya haɗa da ƙwayoyin ƴan tebur ko jiƙon gida ba tare da ya faɗa wa likitan ba.

Sai maganar kuɗi. Ba a biyan ko dala don shiga gwaji. Duk wanda ya tare ka a kasuwa ko ya turo saƙo ta WhatsApp yana neman jika biyu ko biyar na “buɗe takarda”, macuci ne. Abin da aka saba bayarwa shi ne kuɗin mota da ɗan abin da zai rage asarar yinin da aka rasa. Idan kuma aka yi maka tayin kuɗi masu yawan da za su hana ka yin tambaya, to nan ma a yi hattara, araha ba ta ado.

Shi mai waken da ya bugo mana, shawarar da muka ba shi ita ce ya koma wurin likitan da yake bin yaronsa, ya fara tambayar magungunan da aka riga aka tabbatar, irin su haidroksiyuriya, ko sun dace da yaron, kafin ya shiga neman wanda ake kan gwadawa. Idan kuma wata rana aka zo garinsu da gwaji, ya riƙe tambayoyin nan bakwai. Masu aikin gaskiya ba sa jin haushin tambaya, domin amsa ta yana cikin aikinsu. Wanda kuwa ya ce ka sa hannu yanzu bayani ya biyo baya, ka tashi ka ba shi wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace, amin.