Ranar Da Itatuwan Kirsimeti Suka Rama

Kowane ƙarshen shekara mukan ga itacen Kirsimeti a kantuna da gidajen maƙwabtanmu, an rataya masa fitilu, ga kuma dattijon nan mai jan kaya da farin gemu, wato Baban Kirsimeti. To, a ƙasashen Turawa akwai samari masu ƙaramin jari da suka ɗauki waɗannan abubuwa suka yi gajerun finafinai da su, na ban tsoro da ban dariya a haɗe.

A shekarar 2003 wani ɗan ƙasar Finlan, Jalmari Helander, ya fito da Rare Exports Inc., wanda bai kai minti goma ba. An tsara shi tamkar tallar kamfani. Maharba uku ne suka shiga dajin ƙanƙara na Laplan suna bin sawun Baban Kirsimeti, wanda a nan naman daji ne mai haɗari. Suka harbe shi da allurar barci, suka yi masa wanka, suka koya masa ɗaukar yaro a cinya, sannan aka rufe shi a akwatin katako aka tura ƙasashen waje. Dariyar tana wajen mai ba da labari, don yana magana a natse kamar mai tallar katako. Mu dai a ganinmu 'yan kasuwar biki ake yi wa ba'a, masu sayar da kome har da waliyyin mutane. A 2005 aka yi na biyu, a 2010 kuma labarin ya zama cikakken fim.

Na ƙasar Kanada ya fi muni. Jason Eisener ya yi Treevenge a 2008, minti 16 ke nan. Ana sare itatuwa suna kuka da nasu yaren, fassara tana fitowa a ƙasan allo, a kai su kasuwa, a ɗaure su a falo a yi musu ado. Da gari ya waye ranar biki sai suka far wa masu gida. Rassa ne da jinin ƙarya. Duk da haka ya sami yabon alƙalai a bikin finafinai na Sundance a 2009.

Abin da ya sa muka kawo zancen shi ne, da can sai an je gidan bidiyo an biya kuɗin ƙofa, amma yanzu irin waɗannan suna yawo a wayar hannu. Uba ya leƙa ya ga itace da fitilu, ya ɗauka wasan yara ne, ya koma kan tabarmarsa. Alhali a Treevenge ko jariri itatuwan ba su ƙyale ba, kuma ba a kau da kyamara ba.