Babi na Bakwai: Yaron da Bai Yi Magana Ba

Duk wanda ya ga yaro ya shekara uku bai iya cewa "Inna" ba, bakinsa yake fara leƙawa. Nan kuskuren yake somawa. Harshe shi ne na ƙarshe a aikin magana: sai kunne ya ji, ƙwaƙwalwa ta tsara, sannan baki ya furta. Shi ya sa masana suka raba matsalar gida biyu. Akwai ta furuci, irin su in'ina da tsamin baki, inda mutum ya san abin da zai faɗa amma fitarsa ke wuya. Akwai kuma ta fahimta da haɗa zance, wadda tushenta yana can cikin kai.

Mutanen Tungar Guru, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, sun ga irin ta biyun da idonsu. A farkon 2010 yara suka riƙa jijjiga suna suma suna mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙi yi musu aiki. Likitocin ƙungiyar MSF suka bi diddigi, gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a Tungar Guru da Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, aka zuba sabuwa. Ƙauyen Bagega bai samu nasa aikin ba sai 2013.

Lissafin matattu aka fi yaɗawa, amma waɗanda suka tsira su ne abin dubawa a nan. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa daidai shekarun da yaro ke ɗaukar harshe, tana kuma rage ji. Maganin da aka ba yaran yana fitar da ita daga jini, ba ya maido da abin da ta riga ta ɓata. Yaron da dalma ta taɓa yana iya tashi lafiya lau a ido, ga ci ga gudu, amma zance ya yi masa nauyi, karatun allo ya ƙi zama. Sai a ce daƙiƙi ne, a ɗauko bulala.

Wasu kuma wanzami suke kira, ya tsaga ƙarƙashin harshe ko ya cire beli, wai bakin ne a ɗaure. Ina ruwan beli da yaron da bai ji an kira sunansa ba? Jini kawai za a zubar. Haka batun "ai babansa ma sai da ya shekara huɗu", maganar da ta ci wa yara da yawa lokacin da ya fi kowane amfani. Galibin yara suna furta kalmar farko wajen shekara ɗaya, su haɗa kalma biyu wajen shekara biyu.

Abin da ke ruɗar iyaye mata shi ne jaririn da ba ya ji ma yana kuka, yana dariya, har da ɗan gwaranci a watannin farko. Daga baya ne yake yin shiru. Buga kwano a gabansa ba gwaji ba ne, domin ya ga hannu ya motsa. A bayansa ake tsayawa a kira shi. Ƙyanda da ruwan kunne da sanƙarau duk suna kurmantarwa, kuma annobar sanƙarau ta 1996 ta bar kurame da yawa a Arewa. Kurma kuwa ba marar harshe ba ne: kuramen Kano suna da maganar hannu tasu cikakkiya, wadda Constanze Schmaling ta yi littafi a kanta a 2000.

In'ina ba ta buƙatar dogon bayani. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita, maza sun fi yawa, tana bin jini, kuma yawancin yara suna rabuwa da ita da kansu. Tsawa da kwaikwayo ne ke ƙara ta.

Mai karatu da ke da yaron da ya cika shekara biyu bai ce komai ba, ya kai shi asibiti a auna jinsa. In kuma a ƙasar haƙar zinariya yake zaune, ya nemi a gwada jininsa ma.