Inshorar lafiya a Suleja: abin da ya kamata a lissafa kafin a zaɓi tsari

A layi guda a Suleja ko Madalla, za a iya samun ma'aikacin gwamnatin tarayya mai sammakon zuwa Abuja, da malamin makarantar jiha, da ɗan kasuwa a Kasuwar IBB, kowannensu kuma ƙofar da zai bi ya shiga inshorar lafiya daban take. Dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa, amma ba ta sa farashi ɗaya ba.

Ma'aikacin tarayya ne ya fi samun sauƙi, domin kuɗinsa kaso ne na albashi, kuma gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawa. Sai dai tsarin ya ƙunshi shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 kawai. Mata ta biyu, da ɗa na biyar, da mahaifiya da ke zaune a gidan, duk sai an biya musu daban. A gidan Bahaushe, wannan lissafin kawuna shi ne farkon kwatanta farashi.

Wanda ba ya aikin albashi yana da tsarin GIFSHIP na NHIA, wanda aka ƙaddamar a 2020 a kan naira 15,000 kowane mutum a shekara. An ƙara kuɗin tun daga lokacin, don haka a nemi sabon farashi a ofishin hukumar, amma yadda ake lissafin bai sauya ba: da kai ake biya. Ko a tsohon farashin, magidanci mai mata biyu da 'ya'ya bakwai zai fitar da naira 150,000 a lokaci guda. Akwai kuma tsarin Jihar Neja, NiCare, wanda ke rajistar ma'aikatan jiha da masu sana'ar hannu. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Hygeia da AXA Mansard su ma suna sayar da nasu, hawa-hawa, kuma galibi su ne mafi tsada.

Bayan kuɗin shekara, sai a duba asibiti. Nan ne mazaunin Suleja ya bambanta da na Minna ko Bida. Garin na Jihar Neja ne, amma idan ciwo ya fi ƙarfin Babban Asibitin Suleja, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya fi na Minna kusa. Kafin a biya, a tambaya ƙarara: ina za a tura ni idan ana bukatar tiyata, kuma tsarin nan yana biya a can? Tsarin da ya yi arha a takarda zai iya komawa mai tsada da zarar an haɗa kuɗin mota da masaukin mai jinya.

Akwai kuma abin da mutum zai ci gaba da biya daga aljihunsa. A tsarin NHIA, majiyyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke sayen magani duk wata, wannan kason da jerin magungunan da aka amince da su sun fi shafarsa fiye da bambancin 'yan dubbai a kuɗin rajista. Haka nan yawancin tsare-tsare suna da wa'adin jira bayan rajista, abin da mai juna biyu ba za ta yi wasa da shi ba.

Wasu ma ba sai sun biya ko sisi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya ga Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, BHCPF, wanda ake ɗaukar nauyin marasa galihu da shi, musamman masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu nakasa. Guraben ba su da yawa, kuma ta hukumar jiha da cibiyar lafiya ta mazaɓa ake shiga.