Daji ya yi kore, shanu na ramewa

Mazaunin unguwar Pumpumre da ya fita bayan garin Garwa da damina zai ga ƙasa ta yi kore shar, ya ce makiyaya sun huta. A tambayi Bafillace tukuna. A wurare da dama, inda a da gamba da kyasuwa ke tsayawa, yanzu tafasa ce ta rufe fili. Mu muna miya da kwaɗo da ganyenta, amma saniya ba ta kula ta tana ɗanya. Ita kuwa tafasa tana samun wuri ne inda kiwo ya yi yawa, kofato ya daddage ƙasa, aka cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba.

Wadda ta fi ta ɓarna tana kudu da mu, a tudun Adamawa da Yankin Gabas na Kamaru, shukar da makiyaya ke kira Bokasa. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Ta shigo Najeriya wajen 1937, a cikin irin itatuwan da aka kawo Inugu daga Siri Lanka, daga nan ta bazu har Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Tana wuce tsayin mutum, ta cunkushe, ta hana ciyawa ganin rana. Ganyenta na cutar da shanu. A sare ta, ta tsiro daga kututture. A sa mata wuta, busassun rassanta su ƙara wa gobarar ƙarfi, ruwan farko na sauka kuma ta riga ciyawa tashi. Irinta ba shi da nauyi: iska na ɗaukarsa, yana maƙalewa a gashin dabba da tayar mota.

Zafin Garwa da dogon raninta ba su yi mata daɗi ba, gaskiya ne. Sai dai bakin kogi da fadamun Binuwai ba sa rabuwa da danshi, garkunanmu kuma kullum suna kan hanya tsakanin nan da Ngaundare.

Wanda ya ga baƙuwar shuka a burtali ko gefen gona ya tumɓuke ta da saiwarta kafin ta yi fure, ya kai samfuri ga malamin gona ko ofishin cibiyar binciken noma ta IRAD da ke Garwa. Ardo da jauro su ma da nasu aikin: a keɓe wani yanki na makiyaya kowace damina, a bar gamba ta nuna ta zubar da iri kafin a saki shanu a ciki.