Uwargida, Tambayi Littafin Cinikinki

Yau zancen sana'a za mu yi. Sau nawa kika ji mace tana cewa, "Kullum ina ciniki, amma ban san inda kuɗin ke shiga ba"? Kaya na ƙarewa, jari na tsukewa, sai a ɗora laifin a kan bakin mutane, alhali kuwa sau da yawa rashin lissafi ne.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. Sukan tara bayanan cinikinsu, su duba su da kyau, sannan su yanke shawara. Tun 1958 wani masani na kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya yi rubutu a kan yadda na'ura za ta taimaka wa wannan aiki. Yau akwai manhajoji irin su Excel da Power BI da ke mayar da lissafi ya zama zane, mutum ya ga hawa da saukar kasuwarsa.

Kada ki ce wannan sai masu kwamfuta. Binciken hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya nuna ƙananan sana'o'i da matsakaita a Nijeriya sun haura miliyan 39, kuma mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, kamar taki. Littafin rubutu da biro sun ishe ki farawa.

Ga misali. A ce kin sayi wake da mai da itace da kayan yaji na naira 10,000, kika soya ƙosai na 13,000. A ranki kin ci ribar 3,000. To amma yara sun ci na 1,000, maƙwabta sun karɓi bashin na 2,000. Abin da ke hannunki uwar kuɗi ce kawai. In kika taɓa ta don cefane, gobe waken da za ki jiƙa ya ragu.

Saboda haka ki ja layi huɗu a littafinki: abin da kika kashe, abin da kika sayar, abin da aka ci a gida, da bashi. Kowane dare ki cika su. Amma rubutu kaɗai bai isa ba. Ran Juma'a, in kin natsu, ki yi wa littafin tambaya uku. Wane kaya ne ya fi kawo riba, ƙosai ko kunu? Wace rana ce kaya ke kwantai, don ki rage yawansa? Wa ya wuce mako biyu bai biya ba? In littafin ya shekara, zai nuna miki yadda ciniki ke tashi da azumi, da nawa za ki ware don sayen wake da kaka, lokacin da yake araha.

Ke kuma 'yar makaranta, ga inda lissafin da ake koya miki zai yi rana. Ki riƙe wa mahaifiyarki littafin. In akwai waya a gidan, ki zuba mata shi a Excel, ta riƙa tara muku jimla. Sai dai fa sirrin cinikin uwa ba abin kai wa ƙawaye ba ne.

Ki gwada na wata ɗaya, ki rubuto mana abin da kika gani. Allah ya sa wa nemanmu albarka, amin.