Kaluluwa: Makarantar da Jiki ke Koyon Yaƙi

Yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya rure, bayan kwana biyu sai ga ƙullutu ya fito masa a matsematsi, har yana ɗingishi. Kaluluwa ke nan, kowa ya san ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin wannan ƙullutu ake horar da dakarun jiki.

Cikin dakarun akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da masana ke kira ƙwayoyin B. A ɓargo ake ƙera su, kuma kowace tana fitowa da wata ƙugiya mai siffa ta daban, wadda ba ta kama komai sai abin da ya dace da ita. Kowace ƙwarya da abokin burminta. Idan cuta ta shigo, cikin miliyoyinsu 'yan kaɗan ne za su gane ta. Su ne ke cafke ta a kaluluwa ko a saifa, su nuna wa wasu dakarun da ake kira ƙwayoyin T, su kuma su ba su izinin hayayyafa.

Daga nan sai gasa. Yayin da suke ninkuwa, ƙugiyar kowace tana ɗan sauya siffa. Wadda ta fi riƙo ita ke tsira, saura su mutu, a sake zagaye. Wannan cunkoso na cikin abin da ke kumbura kaluluwa. Gwanayen da suka ci jarrabawa sai su rabu gida biyu. Wasu su zama masana'anta, kowace tana zuba dubban makaman da ake kira antibodi cikin jini a daƙiƙa guda. Wasu kuma su yi lamo, suna riƙe da kamannin maƙiyi. Karon farko aikin kan ci mako ɗaya zuwa biyu, amma idan cutar ta dawo, cikin 'yan kwanaki ake gamawa da ita.

Wannan tunawa tana da nisan zango. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro, ta kwantar da kimanin mutum 6,000 cikin kusan 7,800. Wani likita ɗan Danmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a 1781 ba ta taɓa su ba. Shekara 65, jikinsu bai manta ba.

Sai dai koyo ta hanyar ciwo yana da tsada. Ƙyanda tana kisa, tana makantarwa, kuma binciken da aka fitar a 2019 ya nuna tana goge wani kaso na abin da jiki ya riga ya haddace game da wasu cututtukan. Rigakafi kuwa darasi ne ba tare da jinya ba. Jariri yana zuwa duniya da antibodin aro daga uwarsa, wanda ke ƙarewa cikin watanni, shi ya sa a Najeriya ake yi masa allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15.

Don haka iyaye, a duba katin yaro. Idan da sauran allura, a kai shi a cika masa.